Injin Walda na Farko: Ƙarfen Mota Ne Zai Zaɓa Maka

Yaron da ya kusa yaye a shagon walda, da bakaniken da ya gaji da tura motocin mutane wurin wani don a liƙa musu salansa, tambayarsu ɗaya ce idan suka zo wurina: "Oga, wane inji zan saya, kuma nawa ne?" Ba na yarda in fara da sunan inji. Ni ma tambaya nake mayar musu. Wane ƙarfe za ka liƙa? Da wace wuta? Kuma abin da injin yake ci, a ina za ka riƙa samunsa? Wanda ya amsa waɗannan da gaskiya, to ya gama zaɓen inji tun bai taka kasuwa ba. Wanda kuwa ya tsallake su, yakan dawo da akwati mai ƙyalli wanda ko dai ya huda bodin mota, ko ya kashe janareta, ko ya zauna a lungu saboda iskar gas da yake sha sai an je Kano.

Abin yana damuna ne domin kuɗin injin farko ba kuɗin banza ba ne. Wani masararsa ya sayar, wani mahaifiyarsa ce ta sayar da tumakinta, wani adashe ya ɗauka. Irin wannan kuɗi ba ya son a yi gwaji da shi.

Mota ɗaya, ƙarfe iri-iri

Mutane suna cewa "waldar mota" sai ka ce aiki ɗaya ne, alhali a jikin mota guda akwai ƙarfe kala-kala. Bodi, wato ƙofa da bonet da rufi da gefe, kaurinsa yawanci tsakanin milimita 0.7 ne zuwa 1. Bututun salansa ya ɗan fi shi kauri, wajen milimita ɗaya da rabi, sai dai idan ya tsufa tsatsa takan cinye shi ya koma tamkar bodin. Firam ɗin a-kori-kura da na Kanta, da ƙarafunan da ke riƙe da sifirin, da keriya, da bayan motar ɗaukar kaya, waɗannan daga milimita 3 suke farawa zuwa sama. Wutar da za ta narka wannan har ta shiga cikinsa, ita ce za ta huda wancan kafin ka ƙifta ido.

Yanzu dubi aikin da yake zuwa mana a nan. Hanyar da ta rabu daga Kwanar Dangora ta bi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore, ta wuce Doguwa zuwa Saminaka da Jos, hanyar kaya ce. Masara, shinkafa, rake, itace, dabbobi, ana lafta wa mota abin da ya fi ƙarfinta, ga ramuka. Abin da yake karyewa shi ne maratayin salansa, da kunnen sifirin, da keriya, da ƙasan a-kori-kura, da firam ɗin adaidaita-sahu. Tun kuma da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya zauna a wannan yanki, don haka mai walda ba ya rasa garmar shanu, da kura, da mazaunin injin ban-ruwa, da injin casa. Duk wannan ƙarfe ne mai kauri. Aikin bodi yana nan, musamman bayan haɗari, da kuma motocin Beljiyam da suke zuwa da tsatsa a ƙasansu saboda gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara. Amma ka zauna a garejin da kake niyyar aiki, ka lura da abin da yake shigowa. Idan cikin aiki goma takwas masu kauri ne, to ka san inda ka dosa.

Injunan da ke gabanka

Na farko shi ne waldar sanda, wadda kowa ya sani. Ita ce mafi sauƙin kuɗi, ba ruwanta da iska ko ƙura, tana haƙuri da ɗan tsatsa, kuma sandarta ana samu a kusan kowane gari. Sandar da aka fi amfani da ita ita ce mai lamba 6013. Geji 12, wato milimita 2.5, tana cin amfiya 60 zuwa 90. Geji 10, milimita 3.2, tana cin 90 zuwa 130. Injin waldar sanda kashi biyu ne. Akwai taransifomar da ake naɗawa a gida, mai nauyi, mai gurnani, wadda ba ta mutuwa da wuri, kuma duk mai naɗin waya zai gyara ta. Illarta tana zuƙar wuta har ƙwan maƙwabta ya dushe, kuma ba ta saukowa ƙasa sosai don siririn ƙarfe. Akwai kuma inbata, ƙaramin akwati da za ka rataya a kafaɗa, nauyinsa bai wuce kilo biyar ko shida ba. Wutarsa a miƙe take, tana da laushi, ana murɗa ta daga amfiya 20 zuwa sama, sanda ba ta yawan maƙalewa, don haka ya fi sauƙi ga mai koyo. Rauninsa shi ne ƙura da zafi da wuta mai hawa da sauka.

Duk da laushin inbata, kada wani ya ruɗe ka cewa za ka yi aikin bodi da sanda. Gwanaye suna iya ɗan ɗiga ta da siririyar sanda mai milimita 1.6 ko 2, amma ga sabon hannu, ɗinkin shadda ne da basilla.

Na biyu shi ne waldar gas, wadda fanel-bitocinmu suka daɗe a kai. Ana zuba ruwa a kan kabaid ya ba da iskar asetilin, a haɗa ta da oksijin, harshen wutar ya haura digiri 3,000. Ba ta buƙatar lantarki ko kaɗan, kuma da ita ake gasa ƙarfe a miƙe shi, a kwance notin da ya kafe, a liƙa siririn ƙarfe. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne a garin da wuta ba ta tsayawa. Sai dai zafinta yana yaɗuwa, ƙofa takan bauɗe, a koma ana cike ta da fila. Haɗarinta kuma babba ne. Tukunyar kabaid ta ƙirar gida ta raunata mutane da yawa, domin asetilin ba ta jure matsi, kuma wuta tana iya komawa ta cikin tiyo. Dole ne a sa abin tare wuta a kan tiyo biyun, kada a haɗa bututun jan ƙarfe a hanyar asetilin, kuma kada mai ko giris ya kusanci kan tukunyar oksijin. Ban yarda yaro ya mallaki wannan shi kaɗai ba sai ya daɗe yana riƙe ta a gaban maigidansa.

Na uku shi ne MIG. Maimakon sanda, siririyar waya ce a naɗe, injin yana turo ta da kansa idan ka danna kunamar bindigar, iskar CO2 ko gaurayenta da agon tana lulluɓe narkakken ƙarfen. A Amurka aka fito da ita a 1948, kuma ita ce abin da masu gyaran bodi suke amfani da shi a yawancin ƙasashe. Da waya mai milimita 0.6 ko 0.8 za ka liƙa bodi ba huda, ba kashin walda da za a kankare, kuma hannu yana saurin faɗawa. Idan gyaran bodi ne sana'arka, babu injin da ya kai ta. Amma ka lissafa abin da ke tare da ita: tukunyar iska, da agogon tukunyar, da waya, da ƴan bakin bindiga masu ƙonewa. Daga Tiga zuwa Kano kusan kilomita 70 ne, daga Doguwa kuwa ya fi haka nisa ba kusa ba, kuma duk ranar da iska ta ƙare aiki ya tsaya. Ga hunturu: iska kaɗan ta isa ta kore lulluɓin, waldar ta fito da ƙananan ramuka. Sai ka yi shinge ko ka shiga cikin rumfa.

Za a nuna maka wata MIG da aka ce ba ta buƙatar tukunya, domin maganin da ke lulluɓe narkakken ƙarfen yana cikin wayar. Gaskiya ne tana aiki, ba ta tsoron iska, kuma tana da kyau ga salansa da ƙarfe mai milimita 2 zuwa 4. Amma ta fi zafi, tana tartsatsi da hayaƙi, tana barin kashi, ba ta dace da bodi ba. Idan za ka sayi irin wannan, ka nemi wadda take da wurin haɗa tiyon iska da wurin juya wayoyin wuta, don ranar da ka samu tukunya kada ka sake sayen inji.

Na huɗu, TIG, ta alminiyam ce da ƙarfen da ba ya tsatsa. Tana son agon zalla da hannu biyu masu natsuwa. Bar ta sai gaba.

To ga ra'ayina, ba ɓoye-ɓoye. Ga mai farawa a Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa, wanda aikinsa gaurayen mota ne da kayan noma, injin farko shi ne inbata ta sanda mai amfiya 140 zuwa 160 na gaskiya. Ita za ta ciyar da shi, ta tara masa kuɗin na biyu. Aikin bodi ya tura shi wurin masu shi. Wanda kuwa fanel-bita ya koya, kuma yana da hanyar cika tukunya, ya daure ya tara ya sayi MIG mai iska. Da yawan injunan MIG yanzu suna zuwa da wurin sa sanda, ka ga inji ɗaya ya yi aiki biyu.

Wutar da kake da ita

Muna zaune kusa da babbar madatsar Tiga, har an gina mata tashar lantarki mai megawat 10, amma duk mai sana'a a ƙauyukanmu ya san ba a dogara da wutar layi ita kaɗai. Ko ta zo, a ƙarshen layi takan zo ba ƙarfi. Tun kuma da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowace sanda da ka ƙona da janareta tana da farashinta. A nan ne inbata ta yi wa taransifoma nisa, domin ba ta asarar wuta da yawa.

Bari mu yi lissafin tare. A amfiya 100, wutar bakin sanda tana kai bolt 24. Ka ninka su, wat 2,400 ke nan. Ka ƙara abin da injin yake zubarwa a zafi, ya kusa wat 3,000. Yadda ƙananan inbata suke fizgar wuta kuma yakan sa janareta ya ji nauyin ya kai kVA 4. Saboda haka janaretan da zai ja ta cikin kwanciyar hankali shi ne mai kVA 5 ko sama, wanda yake da na'urar daidaita wuta ta AVR. Ƙaramin janaretan kunna ƙwai da fanka ba ya cikin wannan magana. Idan janareta ya yi ƙanƙanta, duk lokacin da ka ɗaga sanda sai ya zabura, wutar ta haura, kuma wannan hawan ne yake ƙona cikin inbata. Ka fara tayar da janareta ya daidaita kafin ka kunna inji, ka kashe inji kafin ka kashe janareta. Wayar da za ka ja daga soket ta kasance mai kauri, milimita 2.5 ko 4, kuma ka warware ta duka, kada ka bar ta a naɗe tana zafi.

Lambar jikin kwali

Za ka ga ƙaramin inji an rubuta masa 300 ko 400 da manyan haruffa. Kada lambar ta ɗauke maka hankali. Filogin gida mai amfiya 13, a wutar bolt 230, abin da zai iya bayarwa wat 3,000 ne. Injin da zai fitar da amfiya 200 na gaskiya yana buƙatar fiye da wat 6,000. To ta ina wanda ya zo da filogin gida da siririyar waya zai fitar da 400? Ƙyale gaban injin, juya bayansa ko ƙasansa, akwai faranti mai layi-layi. Nemi lambar 60974-1, ita ce ƙa'idar duniya ta gwajin injin walda. Nemi harafin X, za ka ga 35% ko 60% ko 100%, a ƙarƙashin kowanne an rubuta amfiya. Ma'anarsa cikin minti goma. Idan an sa 60% a kan amfiya 120, to zai yi aikin minti shida a wannan ƙarfin, ya huta huɗu. A zafin digiri 40 ake wannan gwajin, kuma ka san Afrilunmu yana kai haka a inuwa. Injin da ya ce 160 a 35% da 100 a 100% ya gaya maka gaskiya, ya fi mai 400 da babu faranti.

Idan ka shiga Kano, ko Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, kada ka tafi kai kaɗai. Ɗauki maigidanka ko wani tsohon hannu, ka sa sanda geji 10 da guntun ƙarfe a jaka. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, a jona a gwada." Gani ya kori ji. A ƙona sanda uku a jere. Idan jan ƙwan zafi ya kama tun a ta biyu, ajiye shi. Sannan a sauke wutar ƙasa a ga ko tana riƙewa ba tsinkewa. Kankare bakin kebul kaɗan: idan cikinsa fari ne, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, zai yi zafi ya karye. Tambayi ko ana samun kayan cikinsa, da wanda yake gyarawa, ka karɓi rasit da lambar injin a rubuce. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce.

Kada kuma ka zuba duk kuɗin a inji. Ka bar wajen kashi ɗaya cikin uku don hular walda, da giranda da fayafayanta, da safar hannu ta fata, da tabarau mai haske na yankan ƙarfe, da maɗamfarai, da tukunyar kashe gobara. Rabin walda shiri ne: ƙarfen da ba a goge fenti da tsatsa da mai daga jikinsa ba, babu injin da zai liƙa shi da kyau.

Idonka da ran mutane

Baƙin tabaran rana ba kariya ba ne. Gilashin walda mai lamba 10 ko 11 shi ne daidai da irin wutar da muke aiki da ita. Hasken walda yana ƙona saman ƙwayar ido ba ka sani ba, sai dare ya raba ka farka kana jin yashi a idonka, hawaye na zuba, ko fitila ba ka son gani. Idan ya same ka, kada ka murza, kada ka ɗiga abin da aka ce maka a gareji, je asibiti. Hula mai duhuntawa da kanta tana taimakon mai koyo ƙwarai, domin yana ganin inda zai ɗora sanda, hannunsa biyu kuma a sake. Hayaƙin ƙarfe mai rufin tutiya, irin bututun ruwa da bodin motocin zamani, yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, saboda haka a goge rufin, a yi aikin a sarari.

Kafin ka taɓa mota, cire kan batir. Motocin yanzu suna da ƙwaƙwalwa, kuma kuɗinta ya isa ya cinye ribar wata guda. Maƙala wayar ƙasa kusa da inda za ka liƙa, a kan ƙarfen da ka goge ya yi fari, don kada wuta ta zagaya ta cikin boris ko wayoyi. Leƙa bayan wurin: akwai kafet, ko soso, ko tiyon mai, ko na birki? Sa yaro ya tsaya da ruwa da yashi, kuma bayan an gama kada a tashi nan take, domin soso yakan ci a hankali.

Akwai ayyukan da amsarsu a'a ce, ko nawa za a biya. Tankin fetur, ko an juye shi, tururin da ya rage a ciki ya fi man haɗari. Tukunyar gas ta CNG ba a liƙa ta, ba a ƙera ta a shago. A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan cika gas a Benin, aka gano tukunyarta ƙirar gefen titi ce. Sandar sitiyari, da ƙafar mota, da ganyen sifirin, ƙarfe ne da aka gasa ta musamman, walda tana kashe ƙarfinsa. Direba zai ce, "Malam, ɗan ɗiga min in ƙarasa Saminaka." Ka ba shi haƙuri, ka taimaka masa ya samo sabo.

Ga yadda ake gyaran tsagewar firam, wadda ita ce za ta fi zuwa maka. Sauke kaya, ka tokare motar ta zauna daidai. Goge wurin har ka ga inda tsagar ta ƙare, ka huda ƙaramin rami a daidai ƙarshen don kada ta ci gaba. Bi ta da giranda ka buɗe mata kwari. Ɗiga a wurare biyu ko uku, sannan ka cike kaɗan-kaɗan, kana kankare kashin tsakanin kowane bi. Bar shi ya huce da kansa, kada ka watsa ruwa. Daga nan ka ɗora faci mai kauri ɗaya da firam ɗin, wanda aka yanke bakinsa biyu da tsini, don kada nauyi ya taru a layi ɗaya ya sake tsagewa a gefen facin. Irin wannan wuri ya fi son sanda mai lamba 7018, wadda dole a ajiye ta a bushe, nesa da laimar damina.

Ranar da ka kawo inji gida, kada motar mutum ta zama allon koyonka. Tara guntayen ƙarfe, siriri da mai kauri, ka yi ta jan layi har ya fito daidai. Haɗa biyu, ka ɗaure a mamatsi, ka buga da guduma. Idan ƙarfen ya lanƙwashe waldar tana nan, hannunka ya fara. Idan ta ɓalle ka ga cikinta bai narke ba, ƙara wuta, rage gudu, sake. Kai wa maigidanka ya duba, ka karɓi gyaransa ba tare da jin kunya ba. In da hali, ka haɗa da takardar gwajin sana'a ko ta NABTEB, kwalejojin fasaha irin ta Bagauda suna kusa da mu. Kowane dare ka hure ƙurar cikin injin, ka rufe shi, kada ka ajiye shi inda giranda take watso garin ƙarfe.

Waldar banza da ta kirki duk baƙaƙe ne idan an shafa fenti, mai mota ba zai iya bambancewa ba, fasinjojinsa ma haka. Kai kaɗai ka san ko ta shiga ko a sama ta tsaya. Wannan amana ce, kuma ita ce dalilin da ya sa nake so ka sayi injin da ya dace da ƙarfenka da wutarka, ka san iyakarsa, ka san taka. Allah ya sa albarka a sana'a, ya tsare ido da hannu.